Tarihin Gari Ba Tare da Mutanen Gari Ba: Duban Littattafanmu Daga Mahuta

A Mahuta idan ka ce NNPC babu mai tambayarka wacce kake nufi. Matatar mai ce, ga ta nan a bakin hanyar Kaciya tun 1980, ita ta jawo rabin mutanen da suka cika wannan yanki, ita ce kuma alamar da muke yi wa baƙo kwatancen gida da ita. Amma akwai wata NNPC ɗin a Zariya wadda ta girmi ta mai, wato kamfanin buga littattafai na Arewa da aka kafa a 1966. Yaran unguwarmu ba su san ta ba. Ni kuwa a littattafanta na fara karanta labarin Bagauda da Barbushe, da na Sarauniya Amina, kuma tun daga lokacin nake tara duk wani littafi da aka buga a gida game da wani gari ko wata masarauta ta ƙasar nan. Shekarun nan irin waɗannan littattafai sun ƙaru ƙwarai. Kusan babu naɗin sarauta, ko cikar sarki shekaru a kan gado, ko taron shekara na ƙungiyar ci gaban wata al'umma, da za a watse ba a ɗaga sabon littafi sama an nuna wa jama'a ba. Abin murna ne. Sai dai da na jera su ina karantawa a nan kudancin kogin Kaduna, na ga akwai abin da ya kamata a tsaya a faɗa game da su: labarin wa suke bayarwa, wa suka bari a waje, kuma wa ke karanta su.

Kusan duk littattafan tarihin garuruwanmu a kan zubi ɗaya aka ƙera su, kuma zubin tsoho ne. Babban misalinsa shi ne Tarihin Kano, rubutun Larabcin nan da ya jero sarakuna arba'in da takwas daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Tsarinsa a fili yake: sarki kaza ɗan wane, uwarsa wance, ya yi yaƙi da su wane, ya gina kaza, ya shekara kaza, ya mutu. Masana sun daɗe suna jayayya kan wanda ya rubuta shi da lokacin da aka rubuta shi. John Hunwick ya karkata ga cewa a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi, cikin fadar Kano, daga bakin masu riƙe da labaran gidan sarauta da waƙoƙi da kirari. Ko ma yaya ne, littafi ne mai daraja, babu kamarsa a ƙasar Hausa. Amma ya bar mana gado mai nauyi: tunanin cewa tarihin gari shi ne jerin sarakunansa. Garin da ke da jeri yana da tarihi, wanda ba shi da shi kuwa sai a ce ai ba a san asalinsa ba.

Zamanin Turawa bai rushe wannan zubi ba, ƙarfafa shi ya yi, domin mulkin da suka shimfiɗa ta hannun sarakuna yake tafiya. Razdan yana bukatar sanin wane gida ne ke da haƙƙin gado, wace ƙasa ce ke bin wace. Don haka aka tattara kundayen larduna, irin na Lardin Zariya da E. J. Arnett ya fitar a 1920. Amma a nan dole a yaba wa mutanen wancan lokaci kan abu ɗaya: sun mayar da labarin cikin Hausa. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, inda ɗan elementare zai karanta Tarihin Kano da labaran jihadi da harshen da yake magana da shi a gida. A 1958 Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji ya fitar da Kano ta Dabo Cigari. Waziri Junaidu na Sakkwato ya rubuta Tarihin Fulani. Kafin su, Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta labarin Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, inda 'yan'uwan Sarkin Zazzau Makau suka kafa sabuwar sarauta bayan Malam Musa ya karɓe Zariya a 1808. Wannan littafi na Abuja, wanda Frank Heath ya fassara aka buga a 1952, ina ƙaunarsa ƙwarai, domin bai tsaya ga sarakuna kaɗai ba. Ya shiga bukukuwa da sarautun mata da aure da sana'o'i, kuma muryar waɗanda aka ci da yaƙi ce, ba ta waɗanda suka ci ba. Mutanen nan biyu sun kuma rubuta game da Gwari da Gade da Koro, maƙwabtan da sauran marubuta ke tsallakewa.

Daga nan sai jami'a ta zo, tarihi ya sami sababbin ma'abota. A Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna a 1970, ya tambayi abin da ba a saba tambaya ba: shin da gaske wani baƙo ne guda ya zo daga gabas ya kashe maciji sannan dauloli bakwai suka tsiro? Ko kuwa garuruwa sun girma ne a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, saboda ƙasar noma da tama da duwatsun tsafi da hanyoyin fatauci? Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya ɗauki wannan hanya har ƙarshenta a littafinsa The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda maɗaba'ar jami'ar ta buga a 1981. Bala Usman ya zaga ƙasar Katsina gari gari, ya zauna da tsofaffi, ya karanta takardun Larabci, ya nuna cewa ba a fahimtar Katsina ta hanyar raba mutane gida biyu a ce ga Haɓe ga Fulani. Ya nuna maƙera da marina da fatake da malamai da baƙin da suka zo daga Borno da Azbin da ƙasar Wangara, da garuruwa irin su 'Yandoto da Maska da Gozaki waɗanda ke da nasu nauyin. A ganina har yau ba a rubuta littafi kan wata daular Hausa da ya fi shi ba. Mahdi Adamu ya fitar da The Hausa Factor in West African History a 1978, Adamu Fika kuma ya fitar da nasa kan yaƙin basasar Kano a shekarar.

Illa ɗaya ce, kuma babba ce: duk da Turanci suka fito. Daga wannan lokaci ilmin ya rabu biyu. Bincike mai zurfi, mai tantance magana, ya koma Turanci ya zauna a ɗakunan karatun jami'a. Hausa kuma aka bar ta da maimaita abin da aka buga tun 1930 da 1950. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da fitowar littafin Bala Usman, amma je ka sayi ƙaramin littafin tarihin kowane gari a bakin masallacin Juma'a, za ka tarar kamar ba a taɓa yin wancan aikin ba.

Kano ce ta fi kowa ƙoƙarin ɗinke wannan ɓaraka, kuma ita ce ke da kantar littattafai mafi tsawo. Bawuro Barkindo ya tattara Studies in the History of Kano a 1983 da Kano and Some of Her Neighbours a 1989. Ibrahim Ado-Kurawa ya fassara Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, labarin jihadi a Kano daga bakin wanda ya zauna kusa da zamanin. Muhammadu Uba Adamu ya fitar da Confluences and Influences a 1999, kan yadda Kano ta zama birni mai cin gashin kansa ta hanyar haɗuwar al'ummomi daban-daban, sannan ya rubuta da Hausa ma. A 2010 Abdalla Uba Adamu da Ado-Kurawa suka tattara Perspectives on Kano. Ga kuma marubuta irin su Maje Ahmad Gwangwazo da suka yi ta fitar da ƙananan littattafan Hausa kan sarakuna da unguwannin birni. Kano tana da jami'a da ke kula da tarihinta, tana da Gidan Makama, tana da attajiran da ke biyan kuɗin bugu, tana kuma da kasuwar littattafan Hausa da ta riga ta kafu. Bakano yana iya yin gardama kan asalin unguwarsu ya ɗauko littafi ya kafa hujja.

Mu da ke Jihar Kaduna, Zazzau ce tamu, kuma kantarta ta fi ta Kano gajarta. Littafin da har yanzu kowa ke komawa gare shi shi ne Government in Zazzau na M. G. Smith, mutumin Jamaika, wanda ya fito a 1960. Shi ya warware yadda sarauta ke zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Da Sarki Shehu Idris ya rasu a 2020 bayan shekara arba'in da biyar yana mulki, aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli daga gidan Mallawa, gidan da rabonsa da sarauta tun Aliyu Ɗansidi shekara ɗari da suka wuce, na ga matasa suna ta neman wannan littafi na baƙo don su gane abin da ke faruwa a garinsu. 'Yan gida sun yi nasu ƙoƙarin, misali Usman Ɗalhatu da ya rubuta tarihin Sarki Ja'afaru ɗan Isiyaku, wanda ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959. Amma mafi yawan abin da ke fitowa tarihin mutum guda ne, sarki ko hakimi ko basarake, kuma galibi iyalinsa ko masarautarsa ne suka ɗauki nauyi.

Bari in ba da misali guda na yadda rashin tantancewa ke cutar da mu. Sarauniya Amina tana cikin kowane littafi kan Zazzau. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Labarin da ya fito daga Abuja da Zariya kuwa ya danganta ta da Bakwa Turunku, wanda ke kai ta ƙarni na 16. Tsakanin maganganun nan akwai tazarar fiye da shekara ɗari. Marubucin kirki zai shimfiɗa wa mai karatu duka, ya ce ga abin da wannan ya ce, ga abin da wancan ya ce, ga dalilin da ya sa na fi karkata nan. Amma sababbin littattafan da ke hannuna, kowanne sai ya zaɓi shekara guda ya rubuta ta kamar yana wurin aka yi, wani har da ranar haihuwa. Ba a faɗin inda aka samo. Yaro ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, gobe shi ma ya zama marubuci ya kwafa. Ga Turunku nan a ƙasar Igabi, ba ta da nisa da Kaduna, da kufai da ganuwa, amma marubuta nawa ne suka taka suka je?

Dalilin wannan ba lalaci ba ne kaɗai. Yadda ake haihuwar littafin ne. Yawancinsu don ranar ƙaddamarwa ake rubuta su. A kama zaure, a gayyaci uban taro da babban mai ƙaddamarwa, mai sharhin littafi ya tashi ya yaba, manya su sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi mai yawa, marubuci ya mayar da abin da ya kashe a maɗaba'a. Ban ga laifin marubucin ba, takarda ta yi tsada, kuma babu kamfanin da zai karɓi littafin ya buga ya rarraba kamar yadda kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA da NNPC suka yi a da. Amma littafin da aka rubuta don a karanta shi a gaban sarki ba zai faɗi abin da sarki ba ya so ya ji ba. Ba za ka ga maganar bayi da rinji a ciki ba, ko haraji da jangali, ko hakimin da aka tuɓe saboda zalunci. Bayan taro kuma littafin ya ɓace. Na taɓa neman wani da aka ƙaddamar wata shida kafin nan, na zaga shagunan littattafai na cikin gari ban samu ba, daga ƙarshe aka ce sauran kwafin suna cikin kwali a gidan marubucin. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, kuma akwai reshensa a Kaduna. Da ana bin wannan kaɗai, da an tsirar da abubuwa da yawa.

Akwai kuma wata kanta ta biyu, wadda mai zama a Mahuta ya fi mai zama a Unguwar Sarki saninta. Ita ce ta littattafan al'ummomin kudancin jihar. Yusufu Turaki ya fitar da The British Colonial Legacy in Northern Nigeria a Jos a 1993. Ibrahim James ya rubuta kan Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, da kan siyasar ƙirƙiro masarautu. Toure Kazah-Toure ya fitar da Ethno-Religious Conflicts in Kaduna State a 2003. A 2019 wasu masana, cikinsu har da Bala Achi, suka fito da A Short History of the Atyap daga maɗaba'ar Tamaza a Zariya. Waɗannan littattafai sun taso ne daga ƙishirwa ta gaskiya. Shekara da shekaru ana rubuta mutanen nan a kundayen Turawa da sunayen da ba su suka raɗa wa kansu ba, a babi na ƙarshe, a matsayin waɗanda ake kai wa hari ko ake karɓar haraji a hannunsu. Bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, da kafa masarautun Atyap da Bajju a tsakiyar shekarun 1990, da ƙarin masarautu da yawa a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, kowace al'umma ta ga lokaci ya yi da za ta faɗi nata da bakinta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

To amma duba abin da ya biyo baya. Da yawa daga cikin ƙananan littattafan wannan ɓangare, ban da na masanan da na ambata, sun ari zubin nan na Tarihin Kano ne suka zuba nasu a ciki. Kowace al'umma sai ta nemo kakan da ya taso daga gabas, ta jero sarakuna, ta lissafa yaƙoƙin da ba a taɓa cin ta ba. Ana bukatar hakan saboda gwamnati da jeri take ba da sanda. Sakamakon shi ne kantoci biyu da ba sa gaisawa. Ja'afaru ɗan Isiyaku, kafin ya zama sarki, ya daɗe yana hakimcin Zangon Kataf, a ƙasar Atyap. A littattafan Zariya adalin sarki ne, malami, mai tsantseni da dukiyar jama'a. A bakin tsofaffin ƙasar Atyap kuwa zamanin hakiman Zazzau zamani ne na haraji da aikin tilas da raini. Ina ganin duka biyun akwai gaskiya a ciki, kuma mai son sanin jihar nan dole ya riƙe su tare. Amma wanda ya karanta na farko ba ya karanta na biyu, wanda ya karanta na biyu ba ya son jin na farko. Kasuwanni da auratayya da fatauci da aron kalmomi da suka haɗa mutanen nan ɗaruruwan shekaru, su ne ba su da marubuci, domin babu wanda zai ƙaddamar da su.

Sai kuma ita Kaduna kanta, wadda ba ta shiga ko ɗaya daga cikin kantocin nan biyu. Gari ne da Gwamna Lugga ya zaɓa saboda kogi da layin dogo, aka taso da hedkwata daga Zungeru aka dawo nan a 1917. Ba ta da ganuwa, ba ta da jerin sarakuna, ba ta da kakan da ya zo daga gabas. Saboda haka a ma'aunin zubin da muka gada, ba ta da tarihi. Littafi mafi girma da aka yi a kanta shi ne Kaduna 1917, 1967, 2017, binciken tsara gari da Max Lock da abokan aikinsa suka yi wa gwamnatin Arewa, aka buga a Landan a 1967. Enoch Oyedele ya yi digirinsa na uku a Zariya kan yadda garin ya girma a zamanin Turawa. Bayan wannan, idan ka ga sunan Kaduna a bangon littafi, to ko dai maganar manyan 'yan boko ce, irin The Kaduna Mafia na 1987, ko kuma maganar rikici: na shari'a a 2000, na gasar sarauniyar kyau a 2002, na bayan zaɓe a 2011. Shehu Sani da Hussaini Abdu da wasu sun rubuta kan waɗannan, kuma ya kamata a rubuta, domin su ne suka sa kogin ya zama iyaka, Musulmi suka yi ta komawa arewa, Kirista suka yi ta komawa kudu, unguwanni irin su Sabon Tasha da Unguwar Boro da Kamazou da Mahuta suka cika suka batse. Amma garin da ba a rubuta shi sai ranar da ya ƙone, 'ya'yansa za su tashi suna zaton ƙuna ce kaɗai gadonsu.

Alhali kuwa kudancin kogin nan yana da labarin da babu irinsa a Arewa. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sannan Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Dubban mutane daga Binuwai da Filato da Borno da Sakkwato da ƙasar Yarbawa da ta Ibo suka yi aiki a inji ɗaya, suka zauna gidan haya ɗaya a Makera da Nasarawa, suka yi ƙungiyar ƙwadago ɗaya. Daga Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Wa ya rubuta wannan? Gunilla Andrae da Björn Beckman, mutanen Suwidin, a 1998. Da masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikata suka yi ta mutuwa suna jiran haƙƙinsu, Elisha Renne, Ba'amurkiya, ita ta zauna da matan da suka bari ta rubuta Death and the Textile Industry in Nigeria, aka buga a Ingila a 2020. Allah ya saka musu. Amma matan da suka ba da labarin ba za su iya karanta shi ba, 'ya'yansu ma da wuya su taɓa ganinsa.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan, ya kan zauna da yamma ya ba ni labarin jiniyar canjin aiki, da yadda kekuna ke cika titi har mota ba ta wucewa, da yadda suke haɗa kuɗi a yi wa abokin aiki biki ko jana'iza ba a tambayi addininsa ba. Kullum ina cewa zan zo da rikoda. Ya rasu ban zo ba. Abin yana damuna har yau, kuma shi ne ya sa nake wannan rubutu.

Mahuta ma haka take. Kafin matata, kafin layin dogo, ƙasar Gbagyi ce, mutanen da Hausawa ke kira Gwari, sunan da muka ɗora wa ma'anoni marasa daɗi a cikin harshenmu, ya kamata mu ji kunyarsu. Su ne suka noma doya da dawa a inda gidajenmu suke yanzu. Ko sunan garin ma akwai magana biyu: Bahaushe ya ce daga kadduna ne, jam'in kada, Bagbagyi ya ce daga kalmarsu ce ta kogi. Sai a zamanin Makarfi suka sami masarautarsu a ƙasar Chikun. Yadda gonaki suka zama filoti, nawa aka biya, wa ya sayar, ina iyalan suka koma, yadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina matatar da irin leburorin da ya ɗauka, yadda mutanen da suka gudo daga Tudun Wada ko Rigasa a 2000 suka fara kwana a nan, da waɗanda suka bar nan suka tsallaka can, duk wannan yana cikin kawunan mutanen da ke raye yau. Babu sarki a cikin labarin, shi ya sa ba a ɗauke shi tarihi ba.

Kuma ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. A 1949 da 1950, lokacin da M. G. Smith ke bin fadawa yana tambayar sarautu, matarsa Mary tana zaune a Giwa da Zariya da wata tsohuwa, Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Littafin Baba of Karo ya fito a 1954. Babu wanda ya naɗa Baba komai. Amma daga bakinta muka san yadda ake zaman rinji, yadda mahara ke sace mata a hanya, yadda aka ji da zuwan Turawa a cikin gida, yadda ake ƙawance da kishi da goyo da bori. Idan aka tambaye ni littafi ɗaya da ya fi nuna yadda talakan ƙasar Zazzau ya rayu, shi zan miƙa. Abin da ya ci shi ne haƙuri da kunne da takarda. Yau kowa na da rikoda a aljihunsa.

Saura maganar harshe, kuma na san a nan wasu maƙwabtana za su ja da ni. Ina ganin da Hausa ya kamata a rubuta tarihin Kaduna, ko aƙalla a fitar da shi da Hausa tare da Turanci. Za a ce Hausa harshen masu mulkin da ne, ita ce ke cinye ƙananan harsuna, kuma akwai gaskiya a nan. Duk mai iya rubutu da Gbagyi ko Tyap ko Jju ya rubuta, ni zan fara saye. Amma a kasuwar Sabon Tasha da Hausa ake ciniki. A coci-coci da yawa na wannan yanki da Hausa ake wa'azi da waƙa, Littafi Mai Tsarki na Hausa yana hannun mutane tun 1932. A Rigasa ma ita ce. Ita kaɗai ce ke tsallaka gadar nan safe da yamma ba a tare ta. Littafin da aka rubuta da ita tsohuwar Kakuri za a iya karanta mata, malamin Tudun Wada ma zai karanta, kowannensu ya ji abin da ɗayan ya gani.

A 2017 Kaduna ta cika shekara ɗari da zama hedkwata, a shekarar ce kuma aka fara bikin littattafai na KABAFEST, marubuta suka zo daga ƙasashe da dama. Kayan aiki ba su ƙare mana ba. Ga Arewa House a titin Rabah, ga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke riƙe da fayilolin lardunan Arewa, ga tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, ga sashen tarihi a Jami'ar Jihar Kaduna, duk kuɗin mota ɗaya ko biyu ne daga Mahuta. Roƙona ga malaman waɗannan wurare shi ne su riƙa tura ɗalibai unguwanni, su kuma nemi a fassara littafin Bala Usman da na Renne zuwa Hausa. Ga masu hannu da shuni da ke sayen kwafi ɗaya a wurin ƙaddamarwa, su sa sharaɗin a kai sauran makarantu da ɗakunan karatu. Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohon ma'aikacin masaƙa ko na reluwe ko na matata a layinku, ko tsohuwar da ta san unguwar tun tana gona, ka je wurinsu a wannan makon da wayarka, ka gaishe su, ka nemi izini, ka rubuta suna da rana da wuri kafin a fara magana.